Daga aji 9 zuwa ƙofar jami'a: jagora ga ɗaliban Latino a Amurka da masu taimaka musu

'Yan Latino, wato mutanen da asalinsu ke Meziko, Fotoriko, Jamhuriyar Dominika, Salbado, Kuba da sauran ƙasashen Latin Amurka, sun haura miliyan 60 a Amurka. Fiye da rubu'in ɗaliban makarantun gwamnatin ƙasar 'ya'yansu ne, a Kalifoniya da Teksas ma sun wuce rabi. Amma cikin manyansu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da digiri, alhali a wajen fararen fata abin ya kai wajen biyu cikin biyar.

Da yawa daga cikin yaran nan ba su taɓa karɓar wasiƙar ƙi daga wata jami'a ba, domin tun kafin a kai ga nema an riga an tankaɗe su. Wani an sa shi a ajin lissafin da ba ya kai wa ko'ina, wani ya ga farashi ya tsorata, wata kuma fom ɗaya ne ya wuce ta don babu wanda ya faɗa mata ranar rufewa. Iyayen suna son karatun matuƙa, sai dai tsarin baƙo ne a gare su, kuma ba wanda ke zuwa gida ya yi bayaninsa. Hausawan da ke zaune a unguwanni irin su Bronx ta birnin Niyok, inda yaran Gana da Nijar da Najeriya ke aji ɗaya da yaran Dominika, za su ga cewa mafi yawan matakan nan sun shafi nasu 'ya'yan.

Mataki na farko: a duba jadawalin darussa tun aji 8

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa 12. Abin da ya kamata kowane uba da uwa su fara sani shi ne sharuɗɗan samun shaidar gama sakandare daban suke da sharuɗɗan shiga jami'a. Kalifoniya ta isa misali. Dokar jihar tana neman shekara biyu ta lissafi da uku ta Turanci kafin a ba yaro shaida. Su kuwa jami'o'in gwamnatin jihar, rukunin UC da na CSU, suna da nasu jeri da ake kira A-G, darussa 15 masu tsawon shekara guda-guda: tarihi 2, Turanci 4, lissafi 3, kimiyya 2, wani harshe ban da Turanci 2, zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo 1, sai na zaɓi 1. Kowanne sai da makin C ko sama. Makin D yana iya ba yaro shaidar gamawa, amma a lissafin jami'a kamar bai yi darasin ba ne. Ƙasa da rabin 'yan Latino masu gama sakandare a jihar ne ke cika wannan jeri. Ana biki, ana hoto da hula da riga, alhali ƙofar jami'ar ta rufe tun shekara biyu baya.

Don haka kafin a shiga aji 9, a nemi ganin mashawarcin makaranta a yi masa tambaya guda: darussan da aka rubuta wa yaron nan, za su cika sharaɗin jami'ar jiharmu? A nemi ya rubuta tsarin shekara huɗu a takarda, a manna ta a jikin firiji. Kowane ƙarshen zango a karɓi kundin sakamako a gwada da takardar. Idan an samu D ko F, a maimaita darasin a karatun dogon hutu, kada a bari sai aji 12.

Lissafi ne ya fi bukatar sa ido, saboda darussansa a jere suke kamar matakalar bene: aljabara ta ɗaya, jometiri, aljabara ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas. Wanda bai gama aljabara ta ɗaya a aji 9 ba zai sha wuya kafin ya kamo, musamman mai son injiniya ko likitanci.

Aji 9 ɗin kansa ba na wasa ba ne. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun nuna cewa ɗalibin da ya gama wannan aji da kiredit biyar (wato ya ci darussa biyar masu tsawon shekara), kuma bai faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, ya fi wanda bai yi hakan ba damar gama sakandare fiye da sau uku. Fashin makaranta ne kan fara jawo faɗuwar. A gidajen baƙi kuwa fashi yakan zo da dalili mai kyau: yaro ya raka uwa asibiti don ya yi tafinta, ko iyali sun tafi gida hutun Kirsimeti sun ƙara mako biyu. Dalilin ba ya goge alamar da ke cikin rajista.

Mataki na biyu: a fita daga rukunin masu koyon Turanci a kan lokaci

Lokacin rajista akan tambayi harshen da ake yi a gida. Idan aka rubuta Sifaniyanci (ko Hausa), za a gwada yaron, kuma ana iya sa shi cikin rukunin masu koyon Turanci. Taimako ne na gaske ga sabon zuwa, kuma haƙƙi ne tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar Lau da Nichols. Matsalar ita ce akwai yaran da aka haifa a Amurka, Turanci na zuba a bakinsu, amma suna cikin rukunin shekara shida ko bakwai don ba su ci jarrabawar fita ba. Awannin da ake ba su na ƙarin Turanci suna cinye gurbin darussan da jami'a ke nema.

Jarrabawar tana da suna daban-daban: ELPAC a Kalifoniya, TELPAS a Teksas, NYSESLAT a Niyok, ACCESS a jihohi da dama. A tambayi makaranta ko yaron yana cikin rukunin har yanzu, makin nawa ya samu bara, nawa ake bukata. Yara da yawa ba sa ɗaukar jarrabawar da muhimmanci don ba ta shiga rahoton zango, sai an zaunar da su an faɗa musu abin da ke rataye da ita. Iyaye kuma suna da haƙƙin a ba su tafinta a taron makaranta. Su nema, kada su bar ɗan da ake magana a kansa ya zama shi ne mai fassara maganar.

Mataki na uku: a shiga darussa masu nauyi, a mai da Sifaniyanci jari

Darussan AP darussa ne na matakin jami'a da ake yi a sakandare. Ana jarrabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa suna ba da kiredit ga wanda ya samu 3 ko sama. Yaron da ya tashi da Sifaniyanci a gida yana da hanya mai sauƙi ta farawa, wato AP na harshen Sifaniyanci. Sai ya gyara rubutu da nahawu, amma kunne da baki yana da su tuni. Akwai kuma hatimin ƙwarewa a harshe biyu da ake bugawa a shaidar gamawa, wanda Kalifoniya ta kafa dokarsa a 2011 sauran jihohi suka bi.

Kada a tsaya a nan. Malamai na da halin tura yaran Latino ajin Sifaniyanci su manta da su a kimiyya da lissafi. Tsohon ciwo ne: cikin ƙorafin dubban ɗaliban da suka fice daga azuzuwa a Gabashin Los Anjalis a 1968 har da yadda ake karkatar da su zuwa koyon sana'a maimakon shirin jami'a. A wannan yankin ne dai Jaime Escalante, malamin lissafi ɗan Bolibiya, ya shirya ɗalibai 18 na sakandaren Garfield suka ci AP na kalkulas a 1982. Hukumar jarrabawa ta yi zargin satar amsa, 12 suka sake zama, suka sake ci. Idan makaranta ta ce yaro "bai shirya ba", a tambayi ma'aunin da aka yi amfani da shi. A makarantu da yawa buƙatar iyaye a rubuce ta isa a buɗe masa ajin.

Hanya ta biyu ita ce yin darasin kwaleji tun ana sakandare, sau da yawa kyauta, kamar shirin College Now na jami'ar CUNY a Niyok. A ganina wannan ya fi AP amfani ga yaron da ba kowa a gidansu da ya taɓa shiga jami'a, don yana cire masa tsoron wurin. Sai dai makin da ya samu zai bi shi har abada a kundinsa na kwaleji, saboda haka darasi ɗaya ya isa a fara da shi.

Mataki na huɗu: a samo babba guda da ya san hanya

Ƙungiyar mashawartan makarantu ta Amurka ta ce kamata ya yi kowane mashawarci ya riƙe ɗalibai 250. A zahiri matsakaicin ƙasar ya haura 350, a Arizona ya wuce 600. Mai riƙe da yara ɗari shida ba zai nemo ka ba, kai za ka neme shi. Ɗalibi ya riƙa leƙa ofishinsa ko sau ɗaya a zango, ya gabatar da kansa, domin shi ne zai rubuta masa wasiƙar shaida a aji 12.

A tambaya kuma ko makarantar na da ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka kafa don irin waɗannan yara. AVID, wanda wata malama Mary Catherine Swanson ta fara a San Diyego a 1980, aji ne na kullum da ke koyar da ɗaukar bayani da tsara lokaci, yana kuma tura yara azuzuwa masu nauyi. Puente ya fara a Kwalejin Chabot ta Kalifoniya a 1981, yana haɗa darasin rubutu da shawara da mai jagora daga al'umma. Upward Bound da GEAR UP na gwamnatin tarayya ne. 'Ya'yan ma'aikatan gona masu bin kaka daga jiha zuwa jiha suna da CAMP, mai tallafa musu a shekarar farko ta jami'a. Guraben kan cika da wuri, a nema tun aji 9.

Mataki na biyar: aji 11, jarrabawa da jerin makarantu

A watan Oktoba ake PSAT, jarrabawar gwaji, sai jarrabawar neman shiga jami'a, SAT (maki 1600) ko ACT (maki 36), daga baya a shekarar. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun takardar yafe kuɗi daga mashawarci ya zauna SAT sau biyu kyauta. Jami'o'in UC ba sa duba wannan maki kwata-kwata, wasu sun bar shi zaɓi, amma jami'ar MIT ta sake wajabta shi a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard da Jami'ar Teksas ta Austin suka biyo baya. A zauna jarrabawar, daga baya a yanke shawarar inda za a aika makin.

Ɗan Teksas ya san matsayinsa a aji, saboda dokar 1997 ta ba wanda ke cikin kashi 10 na sama damar shiga jami'o'in gwamnatin jihar kai tsaye, ban da ta Austin da ta matse kason fiye da haka.

Jerin makarantu ya ƙunshi iri uku: waɗanda shigarsu tabbas ce, waɗanda suka yi daidai da makin ɗalibi, da biyu ko uku da ake ganin sun fi ƙarfinsa. A nan ne yara masu ƙoƙari suka fi cutar kansu. Sai ka ga yarinya ta ɗaya a ajinsu ta nemi kwalejin bayan gidansu kaɗai, don ta ga an rubuta dala 80,000 a shafin wata jami'a. Wannan farashin na masu kuɗi ne. Manyan jami'o'i masu dukiya irin su Princeton, Stanford da Rice suna ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, har takan kai sun fi jami'ar jiha araha. Doka ta wajabta wa kowace jami'a ta sa manhajar lissafin ainihin farashi a shafinta. A zauna da takardar harajin iyaye a cike ta, minti ashirin ya isa. Shirin QuestBridge mai haɗa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da manyan jami'o'i, da ake rufe nemansa a ƙarshen Satumba na aji 12, da gidauniyar Posse mai tura ɗalibai goma-goma jami'a ɗaya, duk don irin wannan yarinya aka yi su.

Akwai kuma makarantu wajen 600 da aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu 'yan Latino ne, ana kiransu HSI, irin su Jami'ar Teksas ta El Paso, FIU a Mayami, UC Riverside da Kwalejin Lehman a Bronx. Sunan kaɗai ba shaida ba ne. A duba kashi nawa na ɗalibansu ke gamawa cikin shekara shida. A yi nesa da makarantun 'yan kasuwa masu talla a rediyon Sifaniyanci suna alƙawarin aiki cikin wata tara: Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi da kiredit da ba mai karɓa.

Mataki na shida: fom da insha'i

Common App na buɗewa ranar 1 ga Agusta, fom ɗaya ne na jami'o'i fiye da 1,000, kuma ana yafe kuɗin nema ga mabukata. UC da CSU suna da nasu, da ake rufewa a ƙarshen Nuwamba ko ranakun farko na Disamba. Neman wuri da wuri iri biyu ne, kuma ɗaya daga ciki, Early Decision, alƙawari ne: in an ɗauke ka dole ka je. Mai bukatar gwada tayin tallafi ya yi hattara da shi.

Wurin rubuta ayyukan bayan makaranta shi ne inda yaran nan ke raina kansu. Suna barinsa fayau don ba su shiga ƙungiyar muhawara ba. Amma rainon ƙanne kullum bayan tashi, aikin awa ashirin a mako a gidan abinci, yi wa kaka tafinta a asibiti, taya uba aikin gini ranar Asabar, duk ana rubuta su, kuma masu tantancewa suna ganin nauyinsu. A rubuta da adadin awanni.

Insha'in Common App bai wuce kalma 650 ba. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma hukuncin ya bar wa ɗalibi damar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Shawarata ita ce kada yaro ya cika shafin da labarin wahalar iyayensa wajen ƙetare iyaka. Labari ne mai girma, amma ba iyayen ne ke neman gurbi ba. Ya rubuta abin da shi ya yi, da yadda yake tunani.

Mataki na bakwai: kuɗi da maganar takardu

Nan ne aka fi ruɗewa, don haka a fara tantance rukunin da ɗalibin yake.

Idan ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin, zai cike FAFSA, fom ɗin tallafin gwamnatin tarayya, wanda bisa al'ada ake buɗewa 1 ga Oktoba. Kyauta ne, duk wanda ya nemi a biya shi kafin ya cike ɗan damfara ne. Da shi ake samun tallafin Pell, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara kuma ba a mayarwa, da aikin cikin jami'a, da bashin gwamnati. Ana amfani da bayanan harajin shekara biyu baya. Rashin takardun iyaye ba ya hana ɗa ɗan ƙasa cin wannan tallafi, kuma uba ko uwa marasa lambar Social Security (lambar shaidar aiki da haraji ta gwamnati) suna iya buɗe asusu su cike nasu ɓangaren. A shekarar karatu ta 2024 sabon fom ɗin ya ba irin waɗannan iyalai wahala sosai, shi ya sa ya kamata su fara da wuri. Iyalin da ke fargabar ba gwamnati bayanansu su tattauna da lauyan shige da fice na gaske ko ƙungiyar agaji mai rajista kafin su yanke shawara. Kada su je wurin masu shagon da ke kiran kansu notario, waɗannan ba lauyoyi ba ne.

Idan ɗalibin ne kansa ba shi da takardu, hukuncin Plyler da Doe na 1982 ya ba shi karatu kyauta har aji 12, daga nan kariyar ta ƙare. Ba shi da tallafin tarayya, ko da yana da DACA, shirin da ke ba waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara kariya daga kora da izinin aiki. Yawancin 'yan sakandaren yau ma ba su cancanci DACA ba, domin shirin na 2012 ya tanadi cewa mutum na ƙasar tun Yunin 2007. Abin da ya rage ya danganta da jiha. Kalifoniya tana da dokar AB 540 ta 2001 mai ba shi farashin ɗan jiha (kuɗin makaranta mai rahusa da mazauna jihar ke biya), da fom nata na musamman, CADAA, da ake rufewa 2 ga Maris tare da tallafin Cal Grant. Niyok ta buɗe tallafinta na TAP ga irinsu da dokar José Peralta ta 2019. Teksas, wadda ta fara ba da farashin ɗan jiha a 2001, ta rasa tsarin a Yunin 2025 bayan ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar, Fulorida ma ta soke nata a wannan shekarar. Dokokin suna sauyawa da sauri, a duba na bana, kada a dogara da abin da ya yi wa ɗan maƙwabta aiki shekara uku baya. TheDream.US da Golden Door Scholars suna ba irin waɗannan ɗalibai tallafi, ƙungiyar MALDEF kuma tana fitar da jerin tallafin da ba ya tambayar takardu.

Ga kowa da kowa: jami'o'i masu zaman kansu sukan nemi ƙarin fom, CSS Profile. Hispanic Scholarship Fund, da aka kafa a 1975, ta cancanci a nema. Ƙananan tallafin gari, na coci ko ƙungiyar ƙwadago ko ta 'yan kasuwa, sun fi sauƙin samu saboda masu nema kaɗan ne.

Mataki na takwas: gwada tayi, da zaman iyali

Wasiƙun tallafi kan iso a Maris da Afrilu, kuma akan cakuɗa kyauta da bashi a layi ɗaya. A ɗauki jimillar kuɗin shekara har da ɗaki da abinci da littattafai, a cire kyauta kaɗai, abin da ya rage shi ne farashin. Bashin gwamnati na ɗalibin shekarar farko bai wuce dala 5,500 ba. Idan sai iyaye sun ci babban bashi da sunansu kafin lissafin ya tashi, a sake tunani. Idan uba ya rasa aiki ko an rage masa awanni, a rubuta wa ofishin tallafi a nemi su sake dubawa. Ranar ba da amsa 1 ga Mayu ce.

Sai maganar nisa, wadda ta fi zafi ga 'ya'ya mata. Uwa ba ta son 'yarta ta kwana a wani gari cikin baƙi, gidan kuma yana bukatar hannunta da albashinta. Wannan damuwa ba jahilci ba ce, kuma malamin da ya raina ta ya rasa iyayen. Abin da ke aiki shi ne a kai su su ga wurin da idonsu, su ga ɗakin kwana da mai gadi, su yi magana da wata uwa da ta riga ta tura tata. Jami'o'i da dama suna shirya wa iyaye zagaye da Sifaniyanci.

Idan kwalejin shekara biyu aka zaɓa, hanya ce mai kyau da araha, amma mai santsi: kusan kashi 80 na masu shiga suna da niyyar digiri, wajen kashi 16 ne ke samunsa cikin shekara shida. A shiga da tsarin canja sheƙa zuwa jami'ar shekara huɗu a rubuce tun zangon farko, kamar ADT mai tabbatar da gurbi a CSU, ko TAG na harabobin UC shida. A Niyok kuma akwai shirin ASAP na CUNY mai taimaka wa ɗalibi ya gama kwalejin a kan lokaci. Idan aka ce sai an yi darasin share fage marar kiredit, a tambaya ko makin sakandare ya isa a tsallake shi. A Kalifoniya dokar AB 705 ta 2017 tana bayan ɗalibi a kan wannan.

Mataki na tara: dogon hutu

Bincike ya nuna tsakanin kashi 10 zuwa 40 na ɗaliban da suka samu gurbi, galibi 'ya'yan talakawa, ba sa bayyana ranar buɗewa. Mashawarcin sakandare ya tafi hutu, jami'a kuma tana aika saƙonni zuwa sabon imel ɗin da yaron bai taɓa buɗewa ba. A riƙa buɗe shi duk mako. A aika kundin sakamako na ƙarshe da shaidar rigakafi (Teksas na neman ta sanƙarau). A amsa duk takardar da ofishin tallafi ya nema don tantancewa, a biya kuɗin riƙe ɗaki ko a nemi a ɗage, a halarci taron sababbin ɗalibai. Ranar rajistar darussa a tuna cewa digiri kiredit 120 ne. Jami'a tana ɗaukar mai kiredit 12 a zango a matsayin cikakken ɗalibi, amma mai son gamawa cikin shekara huɗu sai ya ɗauki 15.